Neman Sassauci Kan Ƙa'idar Titin Kasuwa: Wa Ke Biyan Mitar Da Aka Rage?

Daga cikin takardun da kan isa teburin hukumomin tsara birane a ƙasar nan, akwai wata iri wadda jama'a ba su cika jin labarinta ba, ko da yake su ne ke ɗaukar nauyin abin da aka yanke a kanta shekara da shekaru. Ita ce takardar da mai gina sabuwar kasuwa ko rukunin kantuna kan rubuta, yana roƙon a sassauta masa ƙa'idar da aka shimfiɗa game da titin da zai ratsa cikin gininsa. Wani ya nemi a rage masa faɗin titin, wani ya nemi a yafe masa hanyar masu tafiya a ƙasa a gefe ɗaya, wani kuma ya ce lambatun da aka zana ya yi girma, ko kuwa filin da aka ce ya bari domin juyawar manyan motoci ya cinye masa wuri. Roƙon kan zo da lafazi mai daɗi, a kan kuma haɗa shi da lissafin mutanen da za su sami aikin yi idan ginin ya tsaya.

Dalilin da ya sa mai gini ke nacewa a kan wannan roƙo ba boyayye ba ne, lissafi ne kawai. A ɗauka, alal misali, titin da zai shiga cikin sabuwar kasuwa yana da tsawon mita 200. Idan aka yarda a rage mita 3 daga faɗinsa, mai gini ya sami murabba'in mita 600 ke nan. Shago mai faɗin mita 3 da zurfin mita 4 yana cin murabba'in mita 12, saboda haka filin da aka rage ya isa shaguna 50 a ƙasa, kafin a ɗora bene. Duk wanda ya san kuɗin hayar shago a bakin titi a Kano ko Kaduna ya san cewa wannan ba ƙaramar dukiya ba ce. Ribar tana shiga aljihun mutum ɗaya, a rana ɗaya, kuma ana iya ƙirga ta. Hasarar kuwa tana warwatsuwa a kan dubban mutane, kowa da ɗan abin da ya same shi: direban da ya ɓata sa'a guda a cunkoso, ɗan dakon da mota ta buge saboda ba shi da inda zai raɓe, mai shagon da ruwa ya jiƙa masa atamfa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke wurin ranar da aka sa hannu.

Kafin a ce sassauci daidai ne ko kuskure, ya kamata a san abin da kowane awo yake tsarewa, domin injiniyoyi ba su zaɓi alƙaluman nan don ƙawa ba. Faɗin babbar mota, tirela ce ko motar kashe gobara, yana kai wa mita 2 da rabi. A kan wannan ne aka gina faɗin layin mota, tare da ɗan rarar da direba ke bukata don kada madubinsa ya gogi na abokin tafiya. A manyan hanyoyin Gwamnatin Tarayya, abin da aka saba shi ne kwalta mai faɗin mita 7.3 ga layi biyu, watau mita 3.65 kowane layi, sa'an nan a bar kafaɗar hanya a kowane gefe inda motar da ta lalace za ta raɓa. Faɗin kwana kuma ana auna shi ne da motar da ta fi kowace tsawo daga cikin waɗanda za su riƙa shiga, domin ƙafafun bayan tirela ba sa bin sawun na gaba, sukan yanke kwana su hau kan abin da ke gefe. Girman lambatu da kwalbati ya danganta ga yawan ruwan da zai gangaro a sa'ar da sama ta fi zuba, kuma abin lura a nan shi ne filin da aka rufe da kwano da siminti ba ya shan ruwa kamar yadda yake yi sa'ad da yake gona, saboda haka sabuwar kasuwa tana ƙara wa lambatu aiki fiye da yadda ya saba. Akwai kuma ɗan zirin da ake bari domin bututun ruwa da turakun lantarki da wayoyin sadarwa, wanda idan babu shi sai an fasa kwalta duk lokacin da za a yi gyara.

Titin kasuwa yana da wata bukata da titin unguwa ba shi da ita, watau wurin sauke kaya da lodi. Wannan shi ne abin da aka fi saurin sadaukarwa a kan taswira, shi ne kuma wanda rashinsa ya fi saurin bayyana. Mota mai ɗauke da dila ko buhuna dole ta tsaya a wani wuri, kuma idan ba a tanadar mata ba, za ta tsaya a tsakiyar layi. Daga nan titi mai layi biyu ya koma mai layi ɗaya tun daga hantsi har la'asar, ko da kuwa an auna shi daidai da littafi.

Sanya iyaka ga faɗin hanya ba baƙon abu ba ne da Turawa suka zo da shi. Malaman fikihu sun daɗe da sanin hukuncin da ya zo a hadisi cewa idan mutane suka yi jayayya a kan faɗin hanya, sai a mayar da ita kamu bakwai, abin da ya ɗan haura mita 3. Masu nazarin tsofaffin biranen Musulmi sun fassara wannan awo da cewa shi ne abin da zai bar raƙuma biyu masu ɗauke da kaya su gifta juna. Watau tun a wancan zamani abin hawa mafi girma ne ma'auni, kuma haƙƙin mai wucewa yana gaba da sha'awar mai gini. Abin da ya sauya shi ne girman raƙumin.

Sai dai kuma zai zama kuskure a ɗauka cewa duk ƙa'idar da ke cikin littafi ta dace da kowane titi, ko kuma duk mai neman sassauci mayaudari ne. Yawancin alƙaluman da injiniyoyi ke aiki da su an tsara su ne domin hanyoyin da ke haɗa gari da gari, inda mota ke gudun kilomita 100 a sa'a. Idan aka ɗauko su aka ɗora a kan titin da ke tsakanin layukan shaguna, sai a sami kwalta mai faɗi wadda ke zuga direba ya taka mota a wurin da mata da yara ke tsallakawa. Da rana kuma rarar da aka bari ta zama ta masu tebur da masu baro, domin a kasuwa babu filin da ke zama ba mai shi. Ƙasashen da suka rubuta waɗannan littattafai tun farko sun gane haka. A Ingila, a shekarar 2007, Gwamnati ta fitar da sabon littafin tsara titunan cikin gari wanda ya maye gurbin ƙa'idojin da aka fara aiki da su tun 1977, ya kuma sa mai tafiya a ƙasa a sahun farko na waɗanda za a yi wa tanadi, tare da ba da shawarar kada hanyarsa ta gaza mita 2. A Amurka, ƙungiyar jami'an sufuri na manyan birane ta fitar da nata littafin a 2013, inda ta ce layi mai faɗin ƙafa 10, watau kimanin mita 3, ya wadatar a yawancin titunan cikin gari. A 2016 kuma Hukumar Manyan Hanyoyi ta Tarayyar Amurka ta rage sharuɗɗan da sai an nemi izninta kafin a kauce musu daga 13 zuwa 10, sa'an nan a hanyoyin da gudunsu bai kai mil 50 a sa'a ba ta bar guda biyu kacal: gudun da aka tsara hanyar a kansa, da nauyin da gada za ta iya ɗauka.

Abin da ya bambanta waɗancan ƙasashe da nan shi ne hanyar da roƙon ke bi. A can, neman kauce wa ƙa'ida aiki ne mai tsari da suna. Injiniyan mai gini zai rubuta wace ƙa'ida yake so a sassauta, da nawa, da dalilin da ya sa ba za a iya cika ta ba, da hatsarin da ragin zai iya jawowa, da abin da zai yi don rage hatsarin. Wani injiniya na hukuma, wanda sunansa zai zauna a kan takardar, shi zai amince ko ya ƙi. Ana yin wannan duka kafin a haƙa harsashi, kuma takardar tana nan a ajiye, ta yadda idan aka yi hatsari bayan shekara goma aka je kotu, za a ciro ta a ga wanda ya yarda da kuma hujjarsa. A garuruwan Amurka da yawa akan saurari irin wannan roƙo ne a zaman da aka buɗe wa jama'a, bayan an aika wa maƙwabta sanarwa, kuma abin da aka saba nema shi ne mai roƙo ya nuna cewa matsalar ta taso daga yanayin filin kansa, kamar tudu ko rafi ko karkatar iyaka. Son ƙarin riba kawai ba ya cikin hujjojin da ake karɓa.

Ingila tana da wata dabara kuma da ta cancanci a dube ta. A ƙarƙashin sashe na 38 na dokar hanyoyi ta 1980, mai gini kan ƙulla yarjejeniya da hukumar hanyoyi cewa zai gina titin bisa awon da ta yarda da shi, ya ajiye jingina ta kuɗi, sa'an nan bayan an gama an kuma jarraba titin na wani lokaci, hukuma ta karɓe shi ya zama nata. Idan ya yi ha'inci, da kuɗin jinginarsa za a gyara. Hikimar da ke ciki a fili take. Mai gini baƙo ne a wurin: zai sayar da shagunansa ya kama gabansa. Titi kuwa zai zauna a wuyan Gwamnati har bayan jikokinsa.

Akwai abubuwa biyu da ko a waɗancan ƙasashe ba a cika yin ciniki a kansu ba, watau hanyar motar kashe gobara da hanyar ruwa. Dokar gobara da yawancin jihohin Amurka ke bi ta ce hanyar da motar 'yan kwana-kwana za ta shiga kada ta gaza ƙafa 20 a faɗi, ba tare da wani abu ya tare ta ba, kuma idan hanyar ba ta ɓulle ba, tsawonta kuma ya wuce ƙafa 150, dole a yi wurin juyawa a ƙarshenta. A Ingila mafi ƙanƙantar faɗin da aka yarda da shi shi ne mita 3.7. Mutanen Kano ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan dalilin wannan tsanani. A watan Maris na 2016 gobara ta tashi cikin dare a Kasuwar Sabon Gari, ta cinye dubban shaguna da rumfuna. Duk wanda ya taɓa shiga layukan manyan kasuwannin birnin ya san cewa akwai wuraren da mai kura ma sai ya jira ɗan'uwansa ya wuce, balle motar da ke ɗauke da tankin ruwa. Wuta kuwa ba ta jiran a kwashe tebura.

Labarin ruwa ya fi wannan bayyana. Sunan Kantin Kwari kansa ya faɗi inda kasuwar take zaune, watau a gangare, inda ruwan unguwannin da ke kewaye ke taruwa kafin ya nemi hanyarsa. A daminar 2022 ruwa ya mamaye layukan kasuwar ya shiga shaguna, ya lalata yadi da atamfa da shadda na maƙudan kuɗi, kuma abin da 'yan kasuwa da yawa suka yi ta nunawa da yatsa shi ne gine-ginen da aka ɗora a kan magudanan ruwa da cikin layukan da a da hanyoyi ne. Ba a rana ɗaya aka toshe waɗannan hanyoyi ba. Kowane shago da aka ƙara, a ranar da aka ƙara shi, ƙaramin abu ne wanda ba zai hana ruwa wucewa ba, kuma mai shi yana iya rantsuwa a kan haka ya yi gaskiya. A nan ne babban haɗarin sassauci yake: ana ba da shi ɗaya bayan ɗaya, amma sakamakonsa a tare yake zuwa. Kazalika wanda aka ba yau shi ne hujjar wanda zai nema gobe, domin babu jami'in da zai iya duban idon Alhaji na biyu ya hana shi abin da aka ba na farko. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ta fuskar doka, ba a rasa mai iko a kan wannan al'amari ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a. Dokar Tsara Birane da Yankuna mai lamba 88 ta 1992 ta wajabta wa mai gini neman izni kafin ya fara, ta kuma ba hukuma ikon ƙi ko gindaya sharuɗɗa. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Saboda haka a Kano maganar tana hannun Hukumar Tsara Birane ta jiha, wadda aka fi sani da KNUPDA, magajiyar KASEPPA, a Kaduna kuma tana hannun KASUPDA. Biranen biyu ba su rasa taswira ba tun da daɗewa: Kano ta sami tsarin shekara 20 na Trevallion wanda ya shafi 1963 zuwa 1983, Kaduna kuma ta sami na Max Lock a 1967. Abin da ya yi ƙaranci shi ne bayyananniyar hanya wadda kowa ya sani, ta neman kauce wa abin da taswira ta ce, da wurin da ɗan ƙasa zai je ya karanta waɗanda aka ba izni da dalilin ba su. Inda babu irin wannan hanya, abin da ke cike gurbinta shi ne alfarma, ita kuwa alfarma ba ta barin takarda.

Akwai wani ƙulli kuma a inda titin sabuwar kasuwa ya haɗu da babbar hanya. Manyan hanyoyin da ke fita daga Kano zuwa Zariya da Katsina da Maiduguri na Gwamnatin Tarayya ne, kuma haraminsu ya kai mita 45.72, watau ƙafa 150, daga tsakiyar hanya zuwa kowane gefe. Jiha ce ke ba da iznin gini, amma bakin hanyar na Tarayya ne. Idan ofisoshin biyu ba su zauna tare ba, mai gini na iya samun hatimin ɗaya ya buɗe ƙofar kasuwarsa kai tsaye a kan hanyar da tireloli ke gudu, ba tare da layin rage gudu ko wurin jiran masu juyawa ba. Masu bin hanyar Katsina ta gaban Kasuwar Dawanau a lokacin kaka sun san yadda manyan motocin hatsi kan jeru a gefen hanya suna jiran shiga. Kasuwar da abincinta tirela ce, awon titinta da na mashigarta dole ya fara daga tirela.

Nau'in sassaucin da ya fi yawa a ƙasar nan, a gaskiya, ba a nemansa sai bayan an gama aiki. Mutum ya yi gininsa yadda ya so, ya zuba 'yan haya, sa'an nan ya zo a daidaita masa takardu. Abuja, wadda aka gina bisa babbar taswirar 1979, ta ba da misali a kan haka. Tituna irin su Aminu Kano da Adetokunbo Ademola a Wuse ta biyu, da titin Gana a Maitama, an zana su ne domin gidajen zama, amma sannu a hankali gidajen suka koma bankuna da kantuna da wuraren cin abinci. A 2025 Ministan Babban Birnin Tarayya, Nyesom Wike, ya amince a sauya matsayin filayen a hukumance, tare da tarar Naira miliyan 5 a kan kowane mai fili da ya sauya amfani da shi ba da izni ba. Ana iya cewa wannan amincewa ce da abin da ya riga ya tabbata, kuma ta kawo wa hukuma kuɗin shiga. Amma tara ba ta ƙara wa titi faɗi ko taƙi ɗaya, ba ta kuma samar da wurin ajiye motocin da gidan mutum guda bai taɓa bukata ba.

Ɗaya maganin da aka saba kai wa gare shi shi ne katafila. A watan Yuni na 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, Gwamnatin Kano ta rushe gine-ginen kasuwanci da dama da ta ce an yi su a filayen jama'a, ciki har da shagunan da ke Filin Idi. Masu shagunan, waɗanda suka ce da iznin Gwamnatin da ta gabata suka yi gininsu, sun kai ƙara, kuma a watan Satumba na wannan shekara Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci a biya su diyyar Naira miliyan dubu 30. Daga baya ɓangarorin biyu suka sasanta a kan Naira miliyan dubu 3. Rigimar Filin Idi ba ta faɗin titi ba ce, amma darasinta ya shafi wannan magana kai tsaye. Iznin da ya dogara ga yardar mai mulki na yau, ba tare da rubutacciyar hujjar da za ta iya tsayawa a gaban mai mulki na gobe ba, ba ya tsare kowa. Ɗan kasuwa ya yi hasarar gininsa, baitulmali ya biya diyya, kuma kuɗin duka na jama'a ne ta wata fuska. Saboda haka tsari mai tsauri, wanda masu gini ke gani kamar cikas, shi ne babban abin da zai kare dukiyarsu.

Ya kamata kuma a yi wa masu gini adalci. Fili a tsakiyar Kano ya yi tsada ƙwarai, fulotai da yawa kuma gado ne da aka rarraba har suka zama ba su da siffa. Akwai wuraren da cika ƙa'ida ke nufin rushe masallaci ko maƙabarta ko cin ragowar badala, abin da babu mai hankalin da zai nema. Akwai kuma kukan da suka daɗe suna yi cewa takarda kan kwana watanni a ofis alhali bashin banki yana hauhawa, har mutum ya ga gara ya fara gini ya nemi gafara daga baya. Hukumar da ke son a bi ƙofarta dole ta sa wa kanta wa'adin ba da amsa, ta kuma buga ƙa'idojinta da Hausa da Turanci inda magini da ɗan kwangila za su same su ba tare da sun san wani ba.

Sassaucin da ya cancanci a ba da shi ana gane shi da abu ɗaya: filin da aka rage daga wani sashe na titi yana komawa ga wani sashe na titin ne, ba ya komawa cikin shago. Idan mai gini ya ce a bar shi ya rage layin mota daga mita 3.65 zuwa mita 3 da ɗoriya domin ya faɗaɗa hanyar masu tafiya a ƙasa ya dasa itatuwa, wannan roƙo ne da injiniya zai iya karewa a ko'ina, tun da ba a bukatar gudu a cikin kasuwa. Idan ya ce a mayar da titin mai hannu ɗaya, shiga ta nan fita ta can, domin layi na biyu ya zama wurin sauke kaya, wannan ma magana ce, muddin motar kashe gobara za ta iya ratsawa daga farko har ƙarshe. Idan fili ya ƙi ba da wurin juyawar tirela, ana iya yarda a kan sharaɗin ya tanadi wurin sauke kaya a waje, ƙananan motoci su ƙarasa da shi ciki, a kuma rubuta sharaɗin a jikin takardar mallakar filin yadda zai bi duk wanda ya saya. Amma roƙon da ƙarshensa shi ne ƙarin layin shaguna a inda aka zana lambatu, sunansa sayar da hanyar jama'a, ko da wane irin lafazi aka rubuta shi.

Sauran abin da ake bukata ba ya cin kuɗi mai yawa. Hukumar Kashe Gobara da ma'aikatar da ke kula da magudanan ruwa su sa hannu kafin na hukumar tsara birni, kuma ƙin amincewarsu ya zama ƙarshen magana. A kafa allo a bakin filin na wasu makonni mai bayyana abin da ake nema, domin maƙwabta da shugabannin direbobi da na 'yan dako, waɗanda suka fi kowane safiyo sanin inda ruwa ke kwanciya da inda mota ke maƙalewa, su sami damar faɗin albarkacin bakinsu. A riƙe wani kaso na kuɗin mai gini har titin ya ga damina ɗaya. A kuma buɗe rajista wadda kowa zai iya dubawa, mai ɗauke da kowane sassauci da sunan jami'in da ya ba da shi.

Wurin da wannan tsari zai fi fuskantar jarrabawa shi ne inda Gwamnati da kanta take cikin masu ginin. Manyan kasuwannin da ake yi a 'yan shekarun nan, irin wadda ke Dangwauro a kan hanyar Zariya, inda aka tanadi cibiyar sayar da magunguna a sari, haɗin gwiwa ne tsakanin jiha da 'yan kasuwa, kuma hukumomin kasuwanni da ƙananan hukumomi su ma sukan yanka rumfuna domin samun kuɗin shiga. A irin wannan hali mai neman izni da mai ba da izni 'yan gida ɗaya ne, kuma injiniyan da ke kan matakin albashi na 12 ba zai iya ce wa takardar da ta fito daga sama a'a ba sai idan doka ta tsaya a bayansa. Majalisar Dokokin jiha ce kaɗai ke iya ba shi wannan kariya, ta hanyar rubuta a cikin dokar hukumar cewa hanyar gobara da hanyar ruwa ba sa cikin abubuwan da kowane jami'i, komai girman muƙaminsa, yake da ikon sassautawa.